Gadon Hidimar Ɗakin Ibada: Lawiyawan Bani Isra'ila da Ineslemen na Abzin

A ƙarshen watan Agusta na 1850 wani ayari da ya taso daga Gat ya shigo Abzin ta arewa, ɗauke da Turawa uku: James Richardson da Heinrich Barth da Adolf Overweg. Sun ratso ta kwarin da Iferwan take, suka yada zango kusa da Salufiyet, sannan suka bi ta Tin Taghoda. Barth ya rubuta cewa ƙauyen na ineslemen ne, wato gidajen da Abzinawa suka sani da karatu da limanci da riƙon masallaci. Sarauta ba a hannunsu take ba, yaƙi kuma ba sana'arsu ba ce. Duk da haka maganarsu a kan ko Nasara zai taka ƙasar Musulmi tana da nauyi, kuma ayarin ya ji nauyin a jikinsa, domin bai isa Tintellust wurin shugaba Annur ba sai da ya rabu da kaya masu yawa.

Daga ina mutanen da ba su riƙe tambari ba, ba su kuma rayu da takobi ba, suke samun irin wannan nauyi? Me ke faruwa da shi ran da masallaci ya zama kango, ko hannun masu sadaka ya janye? Don neman amsa, wannan takarda za ta ɗora tarihin ineslemen kusa da na ƙabilar da ta fi kowace suna a duniya wajen gadon hidimar ɗakin ibada, wato Lawiyawan Bani Isra'ila, waɗanda labarinsu yake a rubuce tun daga tashensu har bayan rushewar Haikalinsu. Kwatancin na aiki ne da na hanyar cin abinci, babu da'awar jini ɗaya a cikinsa. Tun ƙarni na 19, lokacin da wani malamin Yahudawa ɗan Maroko, Mardochée Abi Serour, ya ba da labarin wasu makiyayan Sahara da ya kira Daggatun ya ce asalinsu Yahudawa ne, marubuta suke ta laluben Bani Isra'ila a cikin Abzinawa, musamman a cikin maƙera. Laluben ya ci takarda da yawa, ya kuma kau da ido daga tambayar da ta fi amfani: yaya al'umma take ware wani gida ta damƙa masa wurin ibada, kuma da me take ciyar da shi?

Ƙabilar da ba a ba gona ba

Bisa ga Attaura, Lawi shi ne ɗa na uku ga Annabi Yaƙubu, kuma 'ya'yansa Gershon da Kohat da Merari su ne tushen gidaje ukun ƙabilar. Daga gidan Kohat Annabi Musa da Annabi Haruna suka fito. Tun daga nan aka raba matsayi. 'Ya'yan Haruna maza su kaɗai ne firistoci, su ke tsayawa gaban bagade suna miƙa hadaya. Sauran Lawiyawa masu hidima ne a ƙarƙashinsu.

Duk wanda ya taɓa ganin yadda madugu yake raba kaya kafin azalai ya tashi zuwa Bilma zai gane tsarin da Littafin Ƙidaya ya bayyana. Ɗakin ibadar lokacin alfarwa ce da ake kwancewa a ɗauka. Gidan Gershon su ke da labulaye da rufi, aka ba su keken shanu 2 da shanu 4. Gidan Merari su ke da katakai da ginshiƙai, kayan nauyi, aka ba su keke 4 da shanu 8. Gidan Kohat ba a ba su ko ɗaya ba, domin kayansu, akwatin alkawari da sauran kaya masu tsarki, a kafaɗa ake ɗaukarsu, kuma sai firistoci sun lulluɓe su tukuna, don an hana mai ɗauka ya taɓa su ko ya kalle su. Mutum yana shiga wannan aikin ɗauka yana ɗan shekara 30, ya ajiye yana ɗan 50.

Da aka raba ƙasar Kan'ana, kowace ƙabila ta sami yankinta, ban da Lawi. An ba su garuruwa 48 da makiyaya a kewayensu, a warwatse cikin ƙasar 'yan'uwansu, 6 daga ciki biranen mafaka ne ga wanda ya yi kisa bisa kuskure. Abincinsu ushiri ne, kashi ɗaya cikin goma na amfanin gonar jama'a, su kuma su fitar da ushirin abin da suka karɓa su ba firistoci. Littafin Tarihi na farko ya ce a ƙarshen zamanin Annabi Dawuda an ƙidaya Lawiyawa 38,000: 24,000 na aikin Haikali, 6,000 alƙalai da jami'ai, 4,000 masu tsaron ƙofa, 4,000 mawaƙa. Masana sun nuna cewa an rubuta littafin ɗaruruwan shekaru bayan Dawuda, don haka alƙaluman sun fi nuna yadda marubucin yake son tsarin ya kasance. Ko da haka ne, rabon aikin ya fito fili.

A ƙasa kuwa abin bai kai haka tsabta ba. Littafin Mahukunta ya kawo labarin wani saurayi Balawiye da ya bar Baitalami yana yawon neman wurin zama. Ya faɗa gidan wani mai hali, Mika, a tuddan Ifraimu, wanda yake da ɗakin ibada na kansa. Suka yi ciniki: azurfa 10 a shekara, da sutura, da abinci. Ba a daɗe ba mayaƙan ƙabilar Dan su 600 suka biyo ta wurin, suka nuna masa cewa hidimar ƙabila guda ta fi hidimar gida ɗaya, ya tattara kayan ibadar maigidansa ya bi su. Bahaushe ya san wannan hoto, na malamin da attajiri ya ajiye a zaure har ran da fada ta kira shi. Labarin yana nuna abin da dokar ushiri ba ta faɗa ba: mutumin da ba shi da gona, yana hannun mai ciyar da shi.

Wannan ne ya sa Bajamushen nan Julius Wellhausen, a littafinsa na 1878, ya kawo ra'ayin da har yau ake muhawara a kansa. A ganinsa, da can kowane Balawiye yana iya zama firist a wurin ibadar garinsu. Sai Sarki Yosiya, wajen shekara ta 622 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rufe wuraren ibadar karkara ya tattara hadaya duka a Haikalin Ƙudus. Firistocin ƙauye suka wayi gari babu bagade, suka koma masu hidima ga firistocin birni. Littafin Ezekiyel ya ƙarfafa wannan bambanci, ya keɓe bagade ga zuriyar Zadok. Ko mutum ya yarda da Wellhausen ko bai yarda ba, alƙaluman da suka biyo baya suna da abin faɗa. Bayan Babila ta rushe Haikali a 586 kafin haihuwar Annabi Isa, Farisa kuma ta ba da izinin komawa daga Babila, jerin da ke Littafin Ezra ya nuna firistoci 4,289 sun koma, Lawiyawa kuwa 74 kacal, ban da mawaƙa 128 da masu tsaron ƙofa 139. Da Ezra da kansa ya tara nasa ayarin a bakin kogin Ahawa, ya duba bai ga Balawiye ko ɗaya ba, sai da ya aika aka roƙo masa 38. Wa zai bar gidan da ya gina a Babila ya yi tafiyar wata huɗu don ya je ya yi gadin ƙofa?

Waɗanda suka je ɗin ma ba su ji daɗi ba. Nehemiya, gwamnan Yahuza a ƙarƙashin Farisa, ya yi tafiya zuwa fadar sarki, da ya dawo ya tarar an daina ba Lawiyawa rabonsu, kowannensu ya bar Haikali ya koma noma. Sai da ya yi wa manyan gari faɗa, ya naɗa ma'aji, hatsi da mai suka sake shiga rumbu, sannan hidima ta dawo. A ra'ayin mai wannan takarda, babu wani wuri a tarihin Lawiyawa da ya fi wannan bayyana gaskiyar al'amarin. Nasabarsu tana nan yadda take, ba wanda ya yi musu a kanta, amma ran da rumbu ya bushe ƙofar Haikali ta rasa mai tsaro.

Bayan da gini ya faɗi

A shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa sojojin Rum a ƙarƙashin Titus suka ƙone Haikali na biyu. 'Yan shekaru kafin nan, in ji marubuci Josephus, mawaƙan Lawiyawa sun samu izinin Sarki Agaribas na biyu su sa tufafin lilin irin na firistoci, abin da suka daɗe suna nema. Ba su mori rigar ba. Hadaya ta tsaya, jagorancin addini ya koma hannun malaman Attaura, waɗanda ƙofarsu a buɗe take ga duk wanda ya yi karatu. Mishna, kundin fiƙihunsu da aka tattara wajen shekara ta 200, ya jera darajar firist sama da Balawiye, Balawiye sama da sauran jama'a, sannan ya yanke cewa mutumin da asalinsa yake da tabo, in malami ne, yana gaban babban firist jahili. Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya ƙara faɗaɗa ƙofar, ya ce duk wanda ya keɓe kansa don bautar Allah da neman saninsa ya shiga matsayi irin na ƙabilar Lawi, daga kowane gida ya fito.

Abin da ya rage wa zuriyar shi ne girmamawa, kuma an riƙe ta da kyau kusan shekara dubu biyu. A majami'un da ke bin tsohuwar al'ada, idan aka buɗe naɗin Attaura, ɗan gidan Haruna ake fara kira, Balawiye na biye. Kafin firistoci su sa wa jama'a albarka sukan fita su tuɓe takalma, Balawiye ya ɗauki buta ya zuba musu ruwa a hannu. Daga ɗaukar akwatin alkawari a kafaɗa, aikin ya dawo ɗaukar buta, amma mai ita ya san dalilin da ya sa shi ne yake riƙe da ita. Matsayin ta wajen uba ake gadonsa, ko da yake zama Bayahude ta wajen uwa ne, kuma sunaye irin su Cohen da Katz da Levi da Segal suna ɗauke da shi. Binciken ƙwayoyin gado da Karl Skorecki da Michael Hammer da abokan aikinsu suka buga a 1997 ya nuna cewa da yawa daga masu da'awar gidan Haruna sun yi tarayya a layin uba. Na Doron Behar a 2003 ya nuna cewa Lawiyawa ba su taru a kan kaka ɗaya haka ba. Samariyawa na Dutsen Gerizim kusa da Nablus, waɗanda ba su kai dubu ɗaya ba a yau, su ne har yanzu suke yanka hadayar Idin Ƙetarewa a ƙarƙashin babban firist na gado, domin dutsensu yana hannunsu. Su ma layin babban firist nasu ya yanke a 1624, muƙamin ya koma wani gida na ƙabilar Lawi.

Makulli da allo

Musulunci bai kafa ƙabilar firistoci ba. Wanda ya fi iya karatu shi ke shiga gaba, kuma zakka tana da masu cinta takwas, babu gidan limamai a cikinsu. Amma akwai hidima ɗaya da aka bar wa gado a fili: ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya mayar wa Usman bin Ɗalha makullin Ka'aba, kuma har yau yana hannun Bani Shaiba. Makulli ne kawai, babu limanci ko fatawa a tare da shi.

A ƙasar Hausa gado ya shigo ta wata ƙofar. Tarihin Kano ya nuna Barbushe yana riƙe da hidimar Tsumburbura a gindin Dala, hidimar da ya gada daga kakanninsa. Da Wangarawa suka zo zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, sai aka raba musu aiki: Abdurrahman Zaite alƙali, Gurdamus limamin sarki, Lawal ladan, Auta mai yanka. Ilimi ne ya ba su muƙaman, amma cikin 'yan ƙarnoni unguwanni irin su Madabo suka zama gidajen da ake haihuwar malamai. Haka ya faru da Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili. Shi ne wanda wajen 1492 ya ja gaba aka rushe majami'ar Yahudawan Tamantit a Tuwat, duk da adawar alƙalin yankin, Abdullahi al-Asnuni, kuma a nan ne tarihin nan biyu suka haɗu a zahiri, haɗuwa mai ciwo. Daga Tuwat ya biyo ta Abzin da Takadda ya isa Kano zamanin Muhammadu Rumfa. Baƙo ne da ya zo da littafi, amma zuriyarsa ta zauna a unguwar Sharifai da sarautar Sidi Fari ta gado.

Ineslemen a gidansu

Al'ummar Abzinawa ta dā tana da matakai: imajeghen masu yaƙi da mulki, imghad masu kiwo da biyan haraji, ineslemen masu littafi, inadan maƙera, da iklan bayi. Karatu ya daɗe a yankin. Ibn Battuta ya tarar da alƙali da mai huɗuba da malamin makaranta a Takadda a 1353, wajen shekara 50 kafin a kafa sarautar Agadas. Tsoffin masallatan duwatsu, irin su Tefis da Takriza da Agalal da Asode da Tin Taghoda, kowanne yana da mutanen da ake danganta shi da su, har wasu ƙungiyoyi da sunan wurin ake kiransu, kamar Kel Takriza. Francis Rodd, Baturen Ingila da ya zaga Abzin a 1922, ya lissafa irin waɗannan a matsayin ƙabilu masu tsarki. Igdalen, masu yaren Tagdalt da ke kewayen Ingal da Tanut, sun shahara da cewa ba sa ɗaukar makami, kariyarsu tana wuyan mayaƙan da suke zaune kusa da su.

Kamanninsu da Lawiyawa a bayyane yake. Su ma a warwatse suke cikin sauran ƙabilu. Su ma wurinsu mafaka ne, domin wanda ya fake a gidan malami ko a harabar masallaci ba a cika bin sa da takobi ba, kuma su ake kira sulhu idan jini ya zuba. Su ma suna cin abin hannun jama'a, takote, wato sadaka, akuya ko mudun gero ko dabino lokacin girbi. Aikinsu na yau da kullum kowa a kwarin Iferwan ya san shi. Ran suna, malam ya raɗa wa jariri suna, a yanka rago. Mai ciwo ya zo, malam ya ɗauko allo da alƙalamin kara ya rubuta ayoyi da tawada, a wanke a ba shi ya sha, ko ya rubuta a takarda ya naɗe, a kai wa matar maƙeri ta ɗinke a fata, layar ta hau wuya ko rawani. Gida biyu na gado ke nan suka haɗu a kan laya ɗaya, kowanne da ladarsa.

Bambancin ya fi kamannin muhimmanci. Na farko shi ne ƙofa. Ezra ya kawo labarin wasu gidajen firistoci da suka nemi sunansu a littafin nasaba ba su samu ba, aka cire su daga hidima nan take. A Abzin ƙofar a sakaye take, ba a kulle ba. Binciken Susan Rasmussen a cikin Kel Ewey na kewayen Dutsen Bagzan ya nuna cewa mutum yana iya zama aneslem ta hanyar karatu da hali, ko da yake jama'a suna ganin albaraka ta fi zama a wasu gidaje, musamman isherifan masu danganta kansu da gidan Manzo. A Azawak kuwa ƙabila guda ake kira ineslemen, da mai karatu da wanda bai taɓa riƙe allo ba. Can ne ma aka ga cewa rashin makami ba doka ba ce: Muhammad al-Jilani na Ayttawari ya ɗaga tutar jihadi a farkon ƙarni na 19, ya karya imajeghen na Kel Denneg, ya ƙulla hulɗa da Muhammadu Bello na Sakkwato.

Na biyu shi ne dukiya. Ba a taɓa hana aneslem mallakar raƙumi ko garka ko shiga azalai ba. Kel Eghlal na Abalak suna cikin masu manyan garkunan dabbobi a Azawak. Sadaka ƙari ce a kan abin da gida yake da shi, shi ya sa janyewarta ba ta watsa su yadda ta watsa Lawiyawan zamanin Nehemiya.

Na uku, wanda ya fi kowanne, shi ne abin da ake yi wa hidima. Aikin Balawiye yana ɗaure da gini ɗaya a birni ɗaya. Aikin aneslem yana cikin gafaka, yana hawa raƙumi.

Ba a rasa gogayya tsakanin mai gado da baƙo mai ilimi a nan ma. Sidi Mahmud al-Baghdadi ya shigo Abzin, bisa lissafin H. T. Norris, a farkon rabin ƙarni na 16, ya koyar da zikiri da halwa, jama'a suka taru a kansa. Malaman fada suka kai ƙararsa, aka kashe shi a Aghalanga da umarnin Sarkin Agadas. Muhammadu Bello ya ambace shi a Infaƙul Maisuri, kuma littafin Ƙudwa, da wani malamin Abzin ya rubuta a ƙarni na 17, ya adana koyarwarsa. Mutumin da masu muƙami suka ƙi shi ne ya zama ginshiƙin ibadar duwatsun nan, kabarinsa kuma wurin ziyara.

1917 da abin da ya biyo

Abzin ta ga nata rushewar. Daga 13 ga Disamba 1916 zuwa 3 ga Maris 1917 jagoran tawaye Kawsan da Sarkin Abzin Tagama suka kewaye barikin Faransa a Agadas. Da rundunar agaji ta iso daga Damagaram, fushinta ya sauka a kan malamai, waɗanda ta ɗauka su ne suka hura wutar tawayen Sanusiyya. An kashe da yawa daga cikinsu a Agadas, har da waɗanda suka fake a masallaci, kamar yadda André Salifou ya bayyana a littafinsa na 1973. Littattafai sun ƙone, wasu sun watse. Aka kwashe mutanen arewacin Abzin zuwa kudu. Da Rodd ya zo bayan shekara 5 ya tarar da ƙauyuka babu kowa, Asode kuma, tsohon birnin Kel Ewey mai babban masallaci, ba ta sake tashi ba.

Amma ineslemen ba su koma masu riƙon suna kawai ba, kuma dalilin yana cikin bambance-bambancen da aka ambata. Wanda ya tsira da Alƙur'ani a ka da Risala a gafaka yana iya buɗe makaranta a gindin kowace bishiya. Misali mafi ƙarfi shi ne Shehu Musa Abatul, wanda ya rasu a 1959. Jean-Louis Triaud ya nuna, a wata maƙala ta 1983, yadda ya raya ɗariƙar Halwatiyya a Egandawel kusa da Tabelot bayan wannan bala'i, ya haɗa wuridi da aikin garka. Raƙuma sun ƙare a yaƙi, bayi sun fara kama gabansu, don haka ya nuna wa almajiransa rijiya. Wanda ya tsaya a garka a Tabelot ko Timiya ko Iferwan da sassafe zai ga abin da ake nufi: sa ko raƙumi yana jan igiya a kan takarkart, guga ya fito ya juye a kwararo, yaro yana kora dabbar gaba da baya, uban yana buɗe wa ruwa hanya daga fangali zuwa fangali na alkama ko albasa. Lawiyawa sun bar Haikali kafin su koma gona. Mutanen Shehu Musa sun koma gona ne don zawiya ta tsaya da ƙafarta. Mai wannan takarda yana ganin wannan ita ce dabara mafi hikima da wani jagoran addini ya yi a Abzin a ƙarni na 20, kuma ba a ba ta haƙƙinta a rubuce-rubucen Hausa ba.

Matsin yau na wani iri ne. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobin masu ba da takote. Ma'adinin yuraniyom na Arlit tun 1971, sannan zinariyar Jado da Cibarakaten tun 2014, sun ja samari daga gaban allo. Tawayen da ya fara da harin Iferwan a Fabrairun 2007 ya kusan kwashe garin gaba ɗaya. Ta fuskar ilimi kuma, Jami'ar Musulunci ta Say da aka buɗe a 1986, da ɗaliban da suke dawowa daga Madina da Alƙahira, da wa'azin Izala da ta faro daga Jos a 1978, sun kawo malamin da takardar shaida ce nasabarsa, wanda kuma sau da yawa yake sukar laya da ziyarar kaburbura da ɗaukar albarka a matsayin abin gado. Wani ɓangare na sukar yana da tushe, domin akwai 'ya'yan manyan gidaje da suke cin sunan kaka ba tare da sun buɗe littafinsa ba, kuma Hausawa sun riga sun ce gadon gida alala ga raggo. Sai dai mai sukar yakan manta cewa waɗannan gidajen ne suka san iyakar kowace rijiya da kowace makiyaya, su ne suka san wace ƙabila ta yi sulhu da wace a kan me, kuma a akwatunansu ne ragowar abin da wutar 1917 ta bari yake kwance. Digiri daga waje ba ya zuwa da wannan sani.

Saboda haka aikin da ke gaban masu bincike a fili yake, kuma na gaggawa ne. Ana bukatar a bi tsoffin masallatan nan ɗaya bayan ɗaya, daga Tin Taghoda da ke kusa da Iferwan zuwa Takriza da Agalal da Tefis, a rubuta wane gida ke limanci, wane ke riƙe da makulli, wa ke gyaran gini bayan ruwan sama, daga wace garka ko waɗanne dabino ake ciyar da masu ziyara, kuma ta wajen uba ake gadon ko ta wajen uwa, tunda Kel Ewey sun san hanyoyin biyu. A ɗauki bayanin da Tamajak, a fassara shi zuwa Hausa da Larabci kafin Faransanci, don masu shi su iya karantawa su gyara. Sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai, wanda ya tashi daga tarin littattafan Boubou Hama, yana da ƙwarewar ɗaukar hoton takardu, Jami'ar Agadas da aka kafa a 2014 kuma tana da ɗalibai 'yan yankin da za a yarda su shiga gida. Littafi ya zauna a hannun mai shi, hoto kawai za a ɗauka. Idan kuma aka zo tsara kasafin aikin, a sa rabon gidajen da suke riƙe da littattafan da makullan tun a layin farko, tare da kuɗin mota da na kyamara.